Sarbo ya iso daga Kano, amma ya ƙi magana da PLC

Ɗan Herwagana:
Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah a agaza mini kafin maigidana ya sallame ni. Muna da injin ƙulla leda a inda nake aiki nan wajen BCGA a Gombe, garin kunun gyada muke ɗurawa. Moton da ke jan ledar sitefa ne tun asali, wato moto mai tafiya taki-taki ba ya auna inda ya kai. Da an ƙara masa gudu sai ya riƙa tsallake taki, leda ta fito wata doguwa wata gajeriya, wuƙa ta sare rubutu a tsakiya. Ni na ba Alhaji shawara mu sa sarbo, wato moto mai auna inda ya kai ya gyara kansa, da ƙyar ya yarda. Na kira wani mai shago a Kano na ce ina son mai wat 750, wuta 220, juyi 3000 a minti. Ya aiko ta tasha ranar Litinin, moto da diraif (akwatin da ke tuƙa moton) da wayoyinsu, komai dal a kwali. PLC ɗinmu, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa injin, Siemens S7-1200 ne, 1214C DC/DC/DC. Diraif ɗin yana da ramuka biyu na wayar LAN, na jona ɗaya da PLC, na buɗe TIA Portal, manhajar shirya PLC ɗin, na nemo na'urori, ko inuwarsa bai gani ba. Na canza waya sau uku. Yau kwana uku ke nan. Me na ɓata?

Baba Mai Fanel:
Wa alaikumus salam. Yaro, ɗauko hoton takardar da ke manne a gefen diraif ɗin. Ba ta moto ba, ta diraif. Kuma duba ramukan nan biyu, me aka rubuta a kansu?

Ɗan Herwagana:
Baba ga shi. Ɗaya IN, ɗaya OUT. A ƙasa akwai wani tambari mai jar kibiya, an rubuta EtherCAT.

Baba Mai Fanel:
Shi ke nan. Bar canza waya, wayarka lafiyarta ƙalau. Ka ɗauko Bayarabe ka zaunar da shi gaban Babarbare ka ce su yi ciniki.

Injiniya Kumo:
Baba ya gama magana a taƙaice, bari in warware masa. Ƙanena, ramin iri ɗaya ne, wayar iri ɗaya ce, amma yaren da ke bi ta cikinta daban. PLC ɗinka PROFINET yake ji. Diraif ɗinka EtherCAT yake ji, wanda kamfanin Beckhoff na Jamus ya fito da shi a 2003. A tsarin EtherCAT akwai shugaba guda da yake sakin saƙo, saƙon ya ratsa ta cikin na'urori ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ɗebi nata ta zuba nata yana wucewa, sannan ya dawo. Shi ya sa ka ga IN da OUT. Shi diraif ɗin ba ya jiran a kira shi da lambar IP kamar firinta, shugaban EtherCAT yake jira, kuma S7-1200 ba zai taɓa zama wannan shugaban ba. Ko shekara za ka yi kana latsa bincike ba zai fito ba.

Ko da ma yarensu ɗaya ne, sai ka ba manhajar fayil ɗin da ke gabatar da na'urar. TIA Portal fayil ɗin GSDML yake karɓa. Na'urar EtherCAT kuwa da fayil ɗin ESI take zuwa. Masu CANopen da EtherNet/IP nasu EDS ne. Da ka tambayi mai shagon "akwai GSDML ɗinsa?" tun kafin ka tura kuɗi, da a nan maganar ta mutu.

Ɗan Herwagana:
Innalillahi. Wallahi Injiniya sai da na faɗa masa da Siemens zan haɗa. Cewa ya yi duk Ethernet ne, in jona kawai.

Oga Bolari:
Haka suke. Mutum yana sayar da famfo da kwan fitila da kontakta, ranar da kaya suka zo masa a kwantena ya zama masanin sarbo. Amma kai ma da laifinka, ƙanena. Ka karanta masa wat da juyi kamar mai sayen moton injin niƙa.

Ɗan Herwagana:
Na karɓi laifina Oga. Yanzu mafita nake nema. Alhaji kullum sai ya leƙo ya ce "ina sabon naka?" Sarbo ɗin ma sabo yake ce masa.

Ɗan Ashaka:
Mafita ɗaya ce ta mutunci. Mayar da kayan, ka sayi SINAMICS V90 samfurin PN. PROFINET yake ji, gidansu ɗaya da PLC ɗinka. Ka saita shi da manhajar V-ASSISTANT, ka zaɓi telegiram 111, ka kira SINA_POS a cikin shirinka, ka ba shi tsawon leda da gudu, an gama. In ya yi kuskure lambar kuskuren za ta zo har kan allon injin, ba sai ka buɗe fanel kana leƙe da tocila ba. Ni abin da shekaru suka koya mini a babbar masana'anta shi ne kada ka haɗa gida biyu a fanel guda in ba dole ba. Ranar da abu ya lalace wannan zai ce laifin wancan ne, kai kana tsakiya.

Oga Bolari:
Ɗan Ashaka, ku da kuke inda ake rubuta takarda sito ya kawo kaya ba za ku gane ba. Wannan yaron da ƙyar ya raba Alhajinsa da kuɗin na farko. Ka ce ya koma ya ce a ƙaro? Ai sai dai ya wuce gida daga nan.

Ɗan Ashaka:
To kwana ukun da injin ya yi a tsaye fa, kyauta ne? Araha ba ta ado.

Oga Bolari:
Injin bai tsaya ba, sitefa na nan tana aiki, a hankali dai. Karanta da kyau.

Mai Kwamfuta Pantami:
Ni ina ganin kada a raina diraif ɗin nan. Abu mai kyau ya samu bisa kuskure. EtherCAT ya fi duk abin da kuke lissafawa sauri da daidaito. Maimakon a jefar da diraif, me zai hana a canza kan? Akwai ƙananan PLC masu manhajar CODESYS da suke zuwa da shugaban EtherCAT a ciki. Ka loda ESI, ka ƙara diraif a jerin na'urori, shi ke nan. Yawancin irin waɗannan diraif ɗin ƙa'idar CiA 402 suke bi: kalmar umarni a 6040, kalmar hali a 6041, yanayin aiki a 6060. Ka tura 6, ka tura 7, ka tura 15, moto ya kama. In ma gwaji kawai yake so ya ga ko kayan na aiki, ya sauke manhajar TwinCAT 3 a laftof, lasisin gwaji na kwana 7 ne kuma ana sabuntawa. Ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ma za ta yi.

Baba Mai Fanel:
Raspberry Pi. A fanel ɗin garin kunu. A zafin Gombe na watan Afrilu.

Mai Kwamfuta Pantami:
Baba gwaji na ce.

Baba Mai Fanel:
Na ji ka ɗana. Haka kowa yake cewa, gwaji. Bayan shekara biyu sai a kira ni in tarar da gwajin an ɗaure shi da zaren roba a bayan fanel, wanda ya haɗa kuma ya tafi bautar ƙasa. Kuma ka manta ba ka faɗa masa ba, CODESYS a kan Raspberry Pi in babu lasisi awa biyu yake yi ya tsaya, sai an sake kunnawa. Sannan shirin injin gaba ɗaya, hita da wuƙa da idon da ke karanta alamar leda da allon taɓawa, duk a TIA Portal aka rubuta. Wa zai sake rubuta su? Don moto guda ɗaya a rushe gida?

Injiniya Kumo:
Akwai kuma na'urar tafinta, wadda gefe ɗaya PROFINET ne gefe ɗaya shugaban EtherCAT. Kamfanoni irin su Hilscher da HMS masu Anybus suna yin irinsu. Na ambata ne don a sani, ba don ina ba shi shawara ba. Tafintan kansa yana da tasa manhajar saitawa, wato manhajoji uku ke nan zai riƙe a kansa, kuma kuɗinsa ba zai yi nisa da na sabon diraif ba. An gudu ba a tsira ba.

Ɗan Herwagana, duba littafin da ya zo a kwalin. Diraif ɗin yana da kafar bugu da alkibla, wato inda PLC ke jefa bugun wuta, kowane bugu taki ɗaya, ɗaya wayar kuma ta nuna gaba ko baya? Za ka ga PULS da SIGN, ko PUL da DIR. Ko RS-485?

Ɗan Herwagana:
Na duba shafi-shafi. Littafin rabi Sinanci ne rabi Turancin da sai a hankali. Babu PULS ko ɗaya a wannan samfurin. Amma a shafin farko sun jera 'yan gidan su uku, harafin ƙarshe ne kawai ya bambanta su. Mai P bugu, mai C CANopen, nawa mai E.

Injiniya Kumo:
Madalla, ga ƙofa ta buɗe. Kusan duk masu ƙera sarbo haka suke yi, jiki ɗaya, baki daban. Delta ASDA-A2 akwai mai M na CANopen, akwai mai E na EtherCAT. Mitsubishi MR-J4 mai A bugu yake karɓa, mai B kuwa sai SSCNET ta wayar haske, wanda in ba kai da kwantirolan Mitsubishi ko kallonsa kada ka yi. V90 ɗin da Ɗan Ashaka yake yabo shi ma biyu ne, PTI na bugu da PN na PROFINET. Harafi ɗaya a ƙarshen lamba shi ne duk rigimar. Kira mai shagon ka ce ya musanya maka da mai P na gida ɗaya, wat ɗaya. Moto da wayoyi ka riƙe abinka.

Mai Walda Tudun Wada:
Ni ina da wani diraif na bugu a ajiye, na wani kamfani daban, shi ma 750. Na ciro shi daga injin yankan takarda da aka watsar. In yana so ya zo ya ɗauka ya jona da motonsa, ya huta da Kano.

Injiniya Kumo:
Allah ya saka da alheri Malam, amma ba zai yi ba. Nan ma wani yaren ne a ɓoye. Enkodan da ke bayan moton, wato ma'aunin da ke gaya wa diraif inda moto ya kai, ba bugu zalla yake turawa ba, magana yake yi da diraif ta wayoyi biyu da yarensa. Akwai na Tamagawa, akwai EnDat na Heidenhain, akwai Hiperface, akwai BiSS, wasu manyan kamfanoni kuma nasu ne na kansu, a rufe. Wasu motocin ma a cikin enkodan aka rubuta bayanansu, diraif yana kunnuwa ya karanta ya san da wa yake tare. In ka haɗa shi da baƙo, kuskuren enkoda zai nuna maka ya yi zamansa. Moton inbata ne kake iya aurar da shi ga kowa. Sarbo auren gida yake yi.

Mai Walda Tudun Wada:
Ikon Allah. Shi ya sa wanda na taɓa gwadawa ya ƙi. Na ɗauka ƙonewa ya yi, har na kusa ba 'yan jari bola.

Ɗan Ashaka:
Ni dai a rubuta na faɗa: bugu da alkibla koma baya ne. PLC yana jefa bugu ne kawai kamar mai jifa a duhu, bai san ko moto ya isa inda aka aike shi ba. In hayaniyar wuta ta shiga wayar, ta ƙara bugu ko ta cinye, ba mai gaya maka.

Baba Mai Fanel:
Diraif ya sani, ai shi ke riƙe da enkoda. Kuma yana da kafar da ke cewa "na isa" da kafar da ke cewa "na samu matsala", ka kai su PLC. Ga idon alamar leda yana gyara tsawo a kowace leda. Me ya rage? Da a ce motoci shida ne suke tafiya tare kamar injin buga jarida, da ni zan fara cewa a nemi waya mai yare. Moto ɗaya ne, ja, tsaya, ja, tsaya. Kuma tunda ka kawo maganar, S7-1200 na tsohon ƙarni ma ba ya yin IRT, wato PROFINET mai tsantsar daidaiton lokaci. Ke nan ko ta PROFINET ɗin ba wani babban daidaiton lokaci zai samu ba.

Abin da nake dubawa ni daban ne. Ranar da diraif ɗin nan ya mutu ana saura kwana uku salla, oda ta cika, me zai yi? In na bugu ne, duk saitin da ya samu a Kano, moto da diraif, zai ɗaura ya jona wayoyi huɗu ya ci gaba, shirin PLC ko taɓa shi ba zai yi ba sai lamba ɗaya ko biyu. In mai yare ne sai irinsa sak, wani lokacin har manhajar cikinsa sai ta dace da fayil ɗin da ka loda. Ka jira jirgi.

Ɗan Ashaka:
Wannan hujjar na karɓa Baba. Sauran ban karɓa ba.

Baba Mai Fanel:
Rabi ma a wurinka ganima ce.

Ɗalibar Kashere:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da katsalandan, ni ɗaliba ce. Muna da sarbo ƙarami shuɗi SG90 da muke juyawa da Arduino, layi uku na shiri kawai. Me ya sa naku yake da wannan wahalar? Ba abu ɗaya ba ne?

Injiniya Kumo:
'Yar uwa, suna ne ya zo ɗaya, da kuma dabarar asali: a ba moto umarni, a auna inda ya kai, a gyara bambancin. Naki komai na cikin ɗan akwatin, moto da giya da ma'aunin da ƙwaƙwalwar. Kina tura masa bugu sau 50 a daƙiƙa, faɗin bugun tsakanin milisakan 1 zuwa 2 shi ke gaya masa kusurwar da zai tsaya, kuma kusan digiri 180 ne iyakarsa. Namu yana juyawa ba iyaka, enkodansa yana raba zagaye ɗaya gida 131,072 in mai bit 17 ne, ƙwaƙwalwarsa kuma akwati ce daban mai faramita, wato lambobin saiti, ɗaruruwa. Ki riƙe naki da kyau, daga nan kowa ya fara. In kin samu hutu ki nemi zuwa wata masana'anta ki ga fanel a buɗe.

Ɗalibar Kashere:
Na gode ƙwarai Injiniya. Ina nan ina bin ku a hankali.

Ɗan Herwagana:
Labari. Mai shago ya yarda da musanya bayan doguwar magana, ya ce in biya kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma kada kwalin ya yage. Na naɗe shi da leda kamar jariri na kai tasha. Mai P zai iso jibi in Allah ya yarda. Alhaji na ce masa an aiko da wanda ba namu ba ne. Ban yi ƙarya ba ai.

Oga Bolari:
Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma faɗi gaskiya ba. Allah ya rufa asiri.

Baba Mai Fanel:
Kafin ya iso, saurara, don kada ka ƙona shi ranar farko. Kafafun fita na PLC ɗinka wuta suke bayarwa, bolt 24, wato PNP. Yawancin diraif ɗin da ke zuwa daga gabas an zana hoton haɗinsu ne don NPN, mai ja zuwa ƙasa. Kuma kafar bugun diraif sau da yawa ta bolt 5 ce. In ka ɗauki 24 ka zuba mata kai tsaye, ɗan kwan da ke ciki zai mutu shiru, ba hayaƙi ba wari, kawai ka ga moto ya ƙi motsi. Duba littafin ko akwai kafa ta musamman ta 24. In babu, ko in tsarinta na NPN ne kawai, sa rezista wajen kilo 2 a jere da kowace waya, Q0.0 zuwa PULS mai alamar tarawa, Q0.1 zuwa SIGN mai alamar tarawa, masu alamar ɗebewa su tafi sifiri. Waya mai riga ka sa, murɗaɗɗiya, kuma kada ta kwanta a kwata ɗaya da wayar hita ko ta moto.

Ka gode Allah ma DC/DC/DC ne a hannunka. Da mai rile ne, da sai ka sayi ƙarin allo kafin ka samu bugu.

Ɗan Herwagana:
Na kwafe a takarda Baba. Allah ya ƙara girma.

Kafinta Jekadafari:
Tunda ana jiran mota, bari in sako tawa. Injin sassaƙa ƙofofi nake da shi, manhajar Mach3 ke tuƙa shi ta tsohuwar kafar firinta mai fil 25. Kwamfutar ta mutu bara, na je na sayo sabuwa mai kyau, ashe babu wannan kafar a jikinta. Na sayi wayar da ke mayar da USB zuwa kafar firinta, a banza. Daga baya aka fahimtar da ni cewa direban wannan kafar a Mach3 sai Windows mai bit 32, daga 7 zuwa ƙasa. Ƙarshenta tsohuwar kwamfutar wani shagon buga takardu na saya, mai ƙura kamar an tono ta. Sabuwar yara ke kallo da ita a gida.

Mai Kwamfuta Pantami:
Da ka tambaye ni da na ce ka sa allon motsi na waje mai shiga ta USB ko LAN, ko ka koma LinuxCNC.

Kafinta Jekadafari:
Da na tambaye ka da har yanzu ina koyon Linux, masu ƙofofi suna zagina.

Ɗan Herwagana:
Jama'a ya iso, na haɗa yadda Baba ya ce, moto ya juya! Na kusa yin kuka. Amma ana wata ga wata. Na farko, gudunsa ya ƙi wuce 600 a minti. In na ƙara a TIA Portal sai ya ce na wuce iyaka. Sitefar da na raina ma ta kusa kamo shi. Na biyu, in ya tsaya yana wani gurnani yana karkarwa, ledar har rawa take. Na uku, manhajar saita diraif ɗin da aka turo mini ta WhatsApp ta ƙi ganinsa a laftof ɗina mai Windows 11.

Injiniya Kumo:
Ɗauki na farko, lissafi ne kawai. Bugu nawa diraif yake jira kafin ya yi zagaye ɗaya?

Ɗan Herwagana:
10,000 na gani a faramitar, haka na sa a TIA.

Injiniya Kumo:
To ga shi nan. Kafar Q0.0 iyakarta bugu 100,000 a daƙiƙa. Raba da 10,000, zagaye 10 a daƙiƙa, sau 60, 600 a minti. PLC bai yi maka ƙarya ba, iya ƙarfinsa ke nan. Abin da za ka taɓa shi ne giyar lantarki ta diraif. Faɗa mini kaurin robar da ke jan leda, da giyar da ke tsakani, da tsawon leda.

Ɗan Herwagana:
Robar milimita 60 ce daga gefe zuwa gefe. Giya 5 zuwa 1. Leda milimita 150. Muna son 60 a minti.

Injiniya Kumo:
Kewayen robar wajen milimita 188. Leda ɗaya kusan kashi 8 cikin 10 na zagayen roba, wato zagaye 4 na moto. A cikin daƙiƙa ɗayan da kowace leda take da ita, hita da wuƙa za su ci fiye da rabi, a ce jan ya samu 0.4. Zagaye 4 a 0.4 shi ne 600 a minti a matsakaici, kuma moto sai ya tashi ya sauka, don haka a tsakiya zai nemi wajen 900. Ka ga dalilin da 600 ta shaƙe ka. Mayar da faramitar 4,000. Iyakarka ta koma 1,500 a minti, kuma kowane bugu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita a jikin leda ba, wanda ya fi ƙarfin idon kowa. In diraif ɗin ba shi da faramitar bugu kai tsaye sai sama da ƙasa, to 131,072 a sama, 4,000 a ƙasa, in enkodan mai bit 17 ne. Kuma kada ka manta ka canza lambar a TIA ita ma. In ka canza gefe ɗaya ka bar ɗaya, leda za ta fito tsawon zani. Kashe diraif ka kunna bayan ka canza.

Oga Bolari:
Wannan kuskuren na taɓa yi. Nadin leda guda ya tafi ƙasa kafin in kai hannu kan jan maɓalli.

Mai Kwamfuta Pantami:
Na uku nawa ne. Buɗe wurin da Windows ke jera na'urori ka jona wayar. In ka ga alamar ruwan ɗorawa, direba ne babu. Irin waɗannan wayoyin akwai ɗan guntu a ciki mai mayar da USB zuwa siriyal, CH340 ko PL2303 ko FTDI, kowanne da direbansa, kuma tsofaffi da jabun PL2303 sabuwar Windows ba ta karɓarsu. In ya fito lafiya, duba lambar COM, wasu tsofaffin manhajoji ba sa ganin lamba mai girma, mayar da ita 2 ko 3. Sannan ka tabbata manhajar ta wannan zuriyar diraif ɗin ce, don kamfani ɗaya kan yi manhaja daban ga kowane ƙarni. Je shafin kamfanin ka sauke da kanka, bar abin da ke yawo a WhatsApp.

Malam Nasarawo:
A kan wannan gaɓar ina da magana. Mu ji tsoron Allah da manhajojin da ake fasawa. Haƙƙin mutane ne, kuma ko ta fuskar aiki, laftof ɗin da kake jonawa da injin mutane ba wurin zuba kowace shara ba ne. Manhajar saita diraif ai yawanci kyauta ce, ASDA-Soft, SigmaWin+, PANATERM, V-ASSISTANT, duk ana saukewa. Ta PLC ce mai kuɗi, TIA Portal gwajin kwana 21 yake bayarwa. Wanda zai sayi PLC ya sa kuɗin lasisi a lissafi tun farko ya faɗa wa mai kamfani.

Oga Bolari:
Malam gaskiya ka faɗa, amma je ka faɗa wa Alhajin da bai yarda akwai abin da ake saya ba a riƙe shi a hannu ba. Ni shi ya sa ƙananan ayyuka na koma Delta, ISPSoft kyauta ne, ba na cin haƙƙin kowa, ba na roƙon kowa.

Malam Nasarawo:
To ka ga ai ka samo halattacciyar hanya da kanka.

Ɗan Herwagana:
Alhamdu lillahi. Na sa 4,000 gefe biyu, gudu ya buɗe. Manhajar kuma Mai Kwamfuta ya canka, ta wata zuriyar ce aka turo mini. Na sauke daidai, direba ya hau, ta gan shi a COM 3. Akwai wurin da yake auna nauyin kaya da kansa, na ɗaura bel na bar shi ya yi gaba ya yi baya sau da yawa, sannan na rage taurinsa mataki biyu. Gurnanin ya ɗauke. Tun azahar muke gudu a 55 a minti, na ɗebi leda ashirin na jera a kan tebur na sa rula, wuƙa a kan alama take sauka duka. Alhaji ya tsaya ya kalla ya kai minti biyar bai ce komai ba, sai ya ce "to me ya hana 60?"

Baba Mai Fanel:
Me ya hana?

Ɗan Herwagana:
Hita ce Baba. A 60 bakin leda ba ya kamawa sosai, in ka matsa sai gari ya fito. Ba laifin sarbo ba ne.

Baba Mai Fanel:
Wannan wata muhawarar ce. Yanzu kafin ka rufe laftof, kwafe faramitocin diraif ɗin a fayil, ka haɗa da shirin PLC da ita manhajar da direbanta a filasha guda. Ka kuma rubuta waɗanda ka canza da biro a takarda ka manna a ƙofar fanel daga ciki. Ka rubuta har sigar TIA Portal da ka yi aiki da ita, don shirin da aka ajiye da sabuwa tsohuwa ba ta buɗe shi.

Ɗan Ashaka:
Ka kuma kai kafar ƙararrawar diraif zuwa PLC, ya tsayar da wuƙa in moto ya tsaya. Tunda kun zaɓi jifa a duhu, a ƙalla ku sa kunne.

Ɗan Herwagana:
Na kai ta kafar I0.6 ta PLC tun ɗazu, ranka ya daɗe. Takardar ce ban manna ba, gam ya ƙare, sai gobe. Mai Walda, in diraif ɗin nan naka yana nan har da motonsa kada ka ba kowa, akwai injin na biyu da Alhaji ya fara kallo.

Mai Walda Tudun Wada:
Moton na nan, sai dai wayar enkodan ɓera ya ci rabinta. Zo da Baba ku duba ranar Asabar bayan la'asar.